Mai Awon Sama a Filin Jirgin Maraɗi

Agogon ɗakin nan baya yake da awa guda.
Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ce a bar shi,
lokacin duniya ke nan, shi matuƙa ke ji.
Ladanin Sura Bildi ya kira azahar,
ni a littafina rana ba ta goce ba tukuna.

Kowace awa sai in fita in ɗaga kai
in raba sama gida takwas, kamar mai rabon gado.
Tumuni ɗaya na girgije, bakwai na shuɗi.
Ba wanda ya rasu, ba mai kuka,
amma kullum rabo nake.

Iska kuwa da ƙulli ake awonta.
Ranar da na faɗa wa inna haka
sai da ta ajiye muciya don dariya:
"Barira, wa ya taɓa ƙulle iska a gefen zane?"
Ga shi yau ƙulli shida, daga kudu maso yamma,
hannun rigar da ke bisa sanda ya ɗan ɗago
kamar mai gaisuwa daga nesa.

Titin jirgi ɗaya ne, sunansa biyu.
In ka shigo ta yamma, sifili takwas,
in ta gabas ka ɓullo, ashirin da shida.
Iska ce ke zaɓa masa sunan da zai amsa.
Tsahiru ya hau babur ya bi shi daga kai zuwa gindi,
ya kori zabi bakwai da ɗan akuyar wani,
ya tsinto ƙusa guda, ya kawo mini a tafin hannu.
"Rubuta: kwalta a bushe, ba komai a kai."

Ƙarfe uku talho ya yi ƙara.
Ba Yamai ba ce, baba ne daga Jiratawa.
"Ke da gwamnati ta ba ki sama,
gero ya fara naɗe ganye. Yaushe?"
Na ce, baba, awa biyu kawai nake gani gaba.
Ya ce tururuwa ta fi ni,
tun safe take kwashe ƙwanta zuwa tudu.

Na koma na duba allura.
Nauyin iska na sauka, a hankali,
kamar guga a rijiya mai zurfi.
Gabas ta haɗe rai ta wajen Damagaram,
wani girgije ya miƙe, kansa a baje kamar maƙera.
Na rubuta haruffa biyun da ba matuƙin da ke so.

Ƙaramin jirgi na tafe da maganin asibiti.
Muryar matuƙin ta faɗo cikin rediyo, a gajiye,
yana tambayar nisan gani.
Ɗazu kilomita goma.
Yanzu huɗu. Yanzu darbejiyar bakin shinge ta ɓace.
Ƙulli talatin da biyar, a gicciye.
Ba ni ke cewa sauka ko kar ka sauka ba,
lamba nake bayarwa, tsirararta.
Shiru.
Sai ya juya, ya kai kayansa wani gari.

Sannan ruwa ya tsuge.

Tsahiru ya fake ƙarƙashin motar kashe gobara,
titi ya zama ƙanen Gulbi,
kwaɗi suka sauka a kai ba da izinin kowa ba.

Da aka ɗauke, na je gwangwanin awo da fitila.
Milimita talatin da ɗaya.
Na aika wa Yamai da lamba,
na kira Jiratawa.
Baba bai ɗauka ba. Ƙanena ya ce yana gona,
cikin duhu, ba takalmi,
yana tura yatsa a ƙasa ya ji inda laima ta kai.

Gobe jirgin zai dawo da safe.
Na ƙara mai a fitila, na fita raba sama.
Takwas cikin takwas.